Markandu Bas da Ƙwan Fitilar Motar Sellathurai

Ƙarfe shida da rabi na safe Markandu yake ɗaga ƙyauren shagonsa a garinmu Kokuvil, kuma tun da na san shi bai taɓa ɗaga shi gaba ɗaya ba. Rabi yake ɗagawa ya sunkuya ya shiga, wai kada rana ta leƙo ta busar masa da robar wayoyi. Sai ya share ƙasa, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya kunna turare a gaban hoton mahaifinsa, sannan ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aiki: filaya biyu, sukundireba uku, ƙarfen narka dalma, da wata 'yar ƙararrawa da ya cire daga ƙofar wani tsohon gida ya ɗaura mata wayoyi biyu. Mai shayin tsallaken titi shi yake kawo masa kofinsa da kansa, baƙi ba sukari, domin likita ya hana. Guntun mazarƙwailar giginya kuwa yana aljihun riga. Ita likita bai ambace ta da suna ba, in ji shi.

Bas muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wanda hannunsa ya nuna a sana'a. Shekara hamsin da ɗaya ke nan yana gyaran wayoyin mota, kuma a ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ciwon suga ya ci masa ido. Yanzu in ka tsaya a gabansa inuwa kawai yake gani, sai ka yi magana ya san ko wane ne. Shi ya sa ya bar fitilar gwaji ya koma wa ƙararrawa: in wuta ta iso inda ya ɗora waya, sai ta yi ƙara ya ji da kunnensa. Ni tsohon malamin makaranta ne, ban san komai a mota ba sai zama a kujerar baya. Na ɗauki alƙalami ne saboda akwai maganar da ya kamata mu mutanen unguwar nan mu faɗa a gabansa tun yana jin mu, kuma mun daɗe muna ja da baya.

'Yan bana ba za su gane yadda 'yar fitilar rufin mota ta taɓa zama abin da rai ya rataya a kansa ba. A wurinsu abin neman makullin da ya faɗi ƙarƙashin kujera ne. Mu da muka ga shekarun yaƙi mun san dokar shingen masu bindiga a kan hanya: da magariba ta yi, in ka doso shinge sai ka kashe manyan fitilu, ka kunna ta ciki, ka taho a hankali, domin waɗanda ke bayan buhunan yashi su ga fuskar kowa. Motar da ta iso da duhu a cikinta, duk abin da ya same ta babu mai tambaya. Ga shi a lokacin babu ƙwan fitila a kanti, babu batir, babu ko tef na naɗe waya. Motocin haya da kananzir suke tafiya, suna hayaƙi suna tari.

A waɗannan shekarun, kullum da la'asar Markandu zai hau kekensa ya tafi inda motocin haya suke jeruwa a gindin bishiyar maina. Ba wanda ya sa shi. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ƙofa, ya murɗa makunni, ya bugi rufin da tafin hannu ya ga ko fitilar za ta yi wasa. Wadda ta yi wasa ba ta fita ranar sai ya gama da ita, ko direban ya yi ta zage-zage. Direbobi da yawa da suka tsufa a kan gadonsu sun sha gaya mini ya taɓa cire musu makullin mota ya sa a aljihu. Ƙwai kuwa a gawar motoci yake samo su, waɗanda suka ƙone a gefen hanya, ya wanke su ya adana a gwangwanin madara cikin auduga.

Kai ne wannan mutumin, Bas. Kai ne ka yanka tsohuwar tayar keke siri-siri ka mayar da ita abin naɗe waya, har sauran masu gyara suka kwaikwaye ka ba su ce daga wurinka suka gani ba. Mai bin waya har gidanta, wanda ba ya cewa ta gyaru sai ta gyaru. Mun ga wannan duka da idonmu, amma da rana ɗaya ta ɓaci sai muka manta da shi kamar ba a yi ba.

Ranar ta Sellathurai ce. Abokin Markandu ne tun suna aji ɗaya, direban wata baƙar mota ƙirar Austin Cambridge da yake gogewa fiye da yadda yake goge fuskarsa. Mutum ne mai surutu da tsokana. Kunkuru yake kiran Markandu saboda jan jikinsa a wurin aiki, shi kuma ya ce masa Aku. Da rana tsaka ya kawo motar ya ce fitilar ciki tana masa wasa, ta kawo ta ɗauke. Markandu ya bi wayar, ya sami inda ta ruɓe a cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya naɗe da robar keke. Ya kunna ta a gabansa, ya bugi rufin, ba ta motsa ba. Sellathurai ya ce yau Kunkuru ya yi gudu, ya ja motarsa ya tafi kai wani marar lafiya gida can gaba da garin Chunnakam. Da magariba ya juyo shi kaɗai. Bai iso gida ba.

Bayan kwana biyu aka ga motar a gefen hanya, gaba kaɗan da shinge, ƙofofi a buɗe, an cire batir, murfin fitilar rufi a tsage kamar an doke shi da wani abu mai nauyi. Shi kuwa Sellathurai babu wanda ya amsa cewa yana hannunsa. Wani mai sayar da albasa da yake can baya a layi ranar ya ce shi dai kamar da duhu ya ga motar. Da "kamar" ya faɗa. Kafin maganar ta iso teburin mai shayi "kamar" ɗin ta faɗi a hanya, ta zama fitilar Sellathurai ba ta kama ba, kuma kowa ya san wanda ya taɓa ta da rana. Ba wanda ya tare Markandu ya ce kai ne. Mu mutanen kirki ne, a bayan ido muke yi. Ni ma na maimaita, ba sau ɗaya ba, kuma ina jin kunyar rubuta wannan.

Matar Sellathurai, Thavamani, ta sa aka turo motar zuwa rumfar gidansu, ta ja ƙyaure ta sa kwaɗo. Ba ta cire jan ɗigon matar aure daga goshinta ba, domin ba ta ga gawa ba, har yau kuma bai bar goshin ba. Ta yi shekara da shekaru tana yawo ofis-ofis da hotonsa a jaka. Duk shekara, ranar da muke wanke kayan sana'a mu shafa musu kwaɓaɓɓen garin icen sandal mai ƙamshi mu sa musu fure, sai ta buɗe rumfar ta wanke motar tas, ta ɗiga mata sandal da ɗan mai a sitiyari, a bakin kowace ƙofa, da kewayen fitilar rufi, inda ta ce nan hannunsa ya taɓa a ƙarshe. A da Annai take kiran Markandu, wato yaya. Daga ranar nan in sun haɗu a hanya sai ta ɗan sunkuyar da kai ta wuce.

Shi Markandu bai kare kansa ba, bai kuma je ya roƙi a bar shi ya duba ba. Sau ɗaya kawai ya taɓa yi mini zancen, wata rana da ruwan sama ya tsare ni a shagonsa. Ya ce, "Na kunna ta a gabansa, Masta. Amma waya mai wasa munafuka ce, tana iya yi maka biyayya a gaban ido ta juya a hanya. Ban sani ba ko inda na gyara nan ne ciwon yake." Rashin sanin nan shi ya zauna masa shekara ashirin da tara. Kuma ban da wannan yana kewar abokinsa, kewa irin wadda ba ta tsufa. Tsofaffin motoci irin waccan sun rage kaɗan a garin, amma duk lokacin da ɗaya ta wuce sai ya ɗaga kai daga aiki ya saurara har ƙarar ta ɓace. Ya san ba ita ba ce. Ya taɓa ce mini tun da Aku ya tafi babu wanda ya sake zaginsa da daɗi.

A bana ne Vanathi, 'yar Sellathurai, ta bugo waya daga Kanada ta ce a gida za ta yi aure, kuma a motar ubanta take so a kai ta haikali a dawo da ita. Tana 'yar shekara biyar ya ɓace. Ta gaya wa uwarta ba ta tuna muryarsa, ba ta tuna tsayinsa, abu ɗaya kawai ya rage mata: ya buɗe ƙofar mota, fitila ta kama, ya juyo ya miƙo hannu zai ɗauke ta. Saboda haka ba tashin inji kaɗai take so ba, fitilar take so ta gani. Thavamani ta yarda a buɗe rumfa, ta ce a taɓa komai amma ban da fitilar rufi. Uwa da 'ya suka bar maganar a nan, kowacce tana jiran ɗayar ta gaji.

Kugan bakanike aka kira wa injin, mutum mai tumbi da baki, wanda ya yi sati uku a rumfar yana kwancewa yana wankewa. Ran da zai ɗaura batir sai ya ce shi ba zai sa wa wayoyin da suka yi kusan shekara talatin a kwance wuta ba sai mai su ya zo, kuma duk garin nan mutum ɗaya ne ya san cikin irin wannan motar. Thavamani ta san wanda yake nufi, ta ce a kira shi. Ni na riƙe masa hannu muka tafi, domin ba ya iya tsallaka babban titi shi kaɗai.

Mun iske Kugan da kan wayar batir a hannu, ya gaji da jira. Ya ce, "Bas, ka zo a daidai. Bari in ɗaura mu ji ko tsohuwa za ta yi tari."

"Ajiye wayar nan, Thambi," in ji Bas. Haka yake kiransa, wato ƙane.

"Haba Bas, taɓawa kawai zan yi."

"Ajiye, na ce."

Ya lalubi gefen injin da hannu har ya kai akwatin fiyus, ya ƙirga da yatsa, ya zare guda ɗaya ya jefa a aljihu wurin mazarƙwaila. Sannan ya shiga ciki ya ɗaga hannu can saman ginshiƙi, ya raba wayar da ke shiga rufi zuwa fitila, ya naɗe bakinta. Kugan ya ce shi dai bai taɓa ganin makaho ya yi sata da rana tsaka a gaban masu ido ba. Markandu ya ce masa yanzu ya ɗaura batirinsa ya ji tarin da yake so. Ba wanda ya gane dalilin abin da ya yi, shi kuma bai yi bayani ba.

Bas ba ya fara neman ciwo daga ƙwai kamar sauran masu gyara. Daga batir yake farawa, ya bi wuta taki-taki kamar mai bin ruwa a lambu ya ga inda kwalbati ya toshe. Ranar farko ya bi ta ƙarƙashin sitiyari. Yana tambayar Kugan launin kowace waya, Kugan yana ce masa duk launin laka ne, sai ya haƙura ya koma gane su da kauri da taushi. Ya sami inda ɓera ya ci, ya canja. Ya zo kan 'yan maɓallan da ke bakin ƙofofi, waɗanda ƙofa take dannewa in an rufe ta, in an buɗe su saki fitila ta kama. Ya ɗora ƙararrawa, shiru. Ya kankare gindin maɓallin da wuƙa, wani abu mai kauri ya ɓamɓaro, ya kai hanci ya shinshina. Sandal ne da mai, hawa a kan hawa, na shekara ashirin da tara, sun shiga tsakanin maɓallin da ƙarfen mota sun hana wuta komawa. Ya ce wa Kugan tsatsa ce. Kugan ya ce wannan ce tsatsa ta farko da ya ji tana ƙamshin haikali, sai Bas ya take masa ƙafa. Thavamani tana tsaye a bakin rumfa da tsintsiya, kuma ta ji su sarai.

Rana ta biyu ya kwance mayafin ginshiƙin. Ina kallon yatsunsa lokacin da suka taɓa robar keken, sai suka tsaya cak. Ya daɗe a haka. Sannan ya warware ta a hankali, tana kakkaryewa a hannunsa, dalmar ta fito tana nan daram kamar jiya aka narka ta. Ya jawo wuta da wayarsa ta gwaji, ya ɗora ƙararrawa a bayan haɗin, ta yi ƙara. Ya girgiza wayar, ƙarar ba ta yanke ba. Kugan ya tafa hannu ya ce to magana ta ƙare, a je a gaya wa masu shan shayi su haɗiye harsunansu. Ni ma na ɗauka an gama. Amma Bas ya girgiza kai ya ce wannan ta nuna haɗinsa yana da kyau ne kawai, ba ta nuna fitila ta kama a wancan maraice ba. Akwai sauran taƙi biyu na waya a cikin rufi, akwai mazaunin ƙwan, akwai ƙwan kansa da ya taɓa ciro wa motar daga gwangwani. Amsar tana bayan murfin da aka hana shi taɓawa. Ya tattara kayansa muka koma gida.

A rana ta uku babu sauran aikin da zai yi, amma ya ce in kai shi. Ya zauna a kan wani tsohon galan a gefen motar, hannuwansa a kan gwiwa. Can sai ga Thavamani da kofin shayi, ta kawo da kanta ta sa masa a hannu. Ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ce ta ji abin da ya faɗa jiya, tana so ta san me ƙwan da ya mutu tun tuni zai iya gaya wa mutum.

Ya ajiye kofin a ƙasa. Ya ce, "Bugun da ya tsaga murfin nan ba zai bar ƙwan ba. Ƙwai in ya tsage yana ci, iska ta shiga, zaren cikinsa ƙonewa yake nan take, ya bar farin gari a jikin gilashi. In kuwa a mace yake lokacin da ya tsage, gilashin garau zai zauna. Tun ranar wuta ba ta sake kaiwa ga ƙwan nan ba. Abin da ke ciki yana nan yadda aka bar shi." Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Na faɗa miki duka biyun tun kafin a buɗe, don kada ki ce na zaɓi wadda ta yi mini. In fari ne, tana ci. In garau ne, da duhu ya isa shingen, kuma ko waya ce ko ƙwai, aikina ne. Ni ba zan gani ba, Thavamani. Ke za ki duba ki gaya mini."

Kugan ya fi ni saurin ganewa. Ya dubi aljihun Bas ya ce, a hankali wannan karon, wato ke nan tun jiya da hanya ta gyaru, da ya mayar da fiyus ya haɗa wayar sama, in ma ƙwan garau yake sai ya ƙone ya yi fari, ba kuma wanda zai sani har abada. Bas ya ce haka ne, shi ya sa fiyus ɗin yake kwana a gidansa.

A nan nake so mai karatu ya tsaya. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san wannan sirrin na ƙwai, kuma shi ne wanda ake zargi. Ba ya buƙatar yin ƙarya da baki. Abu ɗan ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa zai mayar inda ya ciro shi, a matsayin aikin da aka kira shi ya yi, sai ya fita fes. Kai ne ka sa shi a aljihu, Bas, ka kwana biyu da shi, ka zo ka miƙa wuyanka ga matar da ta fi kowa dalilin ƙin ka. Na koyar da yara gaskiya shekara talatin da biyar a kan allo, ban taɓa ganin ta a zaune a kan galan ba sai ranar.

Thavamani ta shiga motar ta zauna a kujerar baya. Ya gaya mata ta jiƙa sandal ɗin da man kwakwa ta jira ya yi laushi, ta matse murfin daga gefe biyu. Sai a karo na uku ya fita. Ta zaro ƙwan da bakin mayafinta, ɗan siriri bai kai ɗan yatsa ba, ta fito da shi bakin rumfa inda hasken rana yake. Ta ɗaga shi. Mu uku muna jiranta, babu mai motsi.

Ta ce ya tsage daga gefe. Ya ce, cikin fa?

"Fari ne, Annai. Kamar an barbaɗa masa garin shinkafa."

Ta miƙo mini na duba, Kugan ma ya duba. Fari ne fat, babu inda za a leƙa a ga zare.

Na ɗauka zai yi murna. Shi ma, in ji shi daga baya, shekara ashirin da tara yana zaton in wannan ranar ta zo zai yi. Sai kawai ya rufe fuska da hannu ɗaya, kafaɗunsa suna motsi. Da ya iya magana ya ce, "To sun gan shi ke nan. Sun ga fuskarsa sarai, suka ɗauke shi." Ya wanku, amma wankin bai dawo masa da kowa ba, sai ma ya ɗauke ɗan uzurin da muka daɗe muna ba wa waɗanda suka yi abin, cewa duhu ne ya ruɗe su.

Thavamani ba ta yi kuka a gabanmu ba. Tana riƙe da ƙwan a tafin hannu ta ce ita duk shekarun nan in ta rufe ido a cikin duhu take ganinsa, yana laluben makunni yana kiran sunanta, abin ya ƙi kamawa. "Ashe ya samu," ta ce. Ta ƙulle ƙwan a bakin mayafinta ta shiga gida, ta dawo da pittu, dambunmu na garin shinkafa, da miyar kifi ta ce ba wanda zai tafi bai ci ba. Shayin Bas ya huce a ƙasa, ta ɗauke ta sake dafa wani.

Washegari ya wanke mazaunin ƙwan, ya sa sabo, ya haɗa wayar sama, ya mayar da fiyus. An yi bikin Vanathi a watan jiya. Da aka dawo daga haikali rana ta faɗi, ta ƙi yarda kowa ya buɗe mata ƙofa, ta buɗe da kanta, ta zauna a ƙarƙashin 'yar fitilar nan mai launin ruwan zuma har dangin ango suka fara kallon juna. Ba wanda ya ce ta yi sauri.

Mun gode, Markandu Bas. Mun gode da la'asar ɗin da ka yi ta yi a gindin maina, da direbobin da suka ga jikokinsu saboda taurin kanka. Ka yafe mana bakinmu, mu da muka sha shayi da sunanka. Ku kuma masu sana'a da ke tasowa, masu gyaran mota da masu gyaran komai, ku je ku zauna kusa da shi kafin ƙyauren nan ya sauka. Wayoyin motocin yanzu ba irin nasa ba ne, ba zai koya muku su ba. Ku koyi yadda mutum yake tsayawa a bayan aikin hannunsa ko da abin zai faɗo a kansa. Mu sauran kuma, in mun ji magana da "kamar" a gabanta, mu kai ta da "kamar" ɗinta ko mu bar ta inda muka tsince ta.

Bayan biki Kugan ya zo zai cire batir kada ya mutu a banza, tun da motar rumfa za ta koma. Thavamani ta ce a bar shi. Makunnin fitilar wuri uku gare shi, na kashewa, na ci kullum, da na ƙofa, sai Bas ya tambaye ta a ina zai bar mata shi. Ta ce a na ƙofa, domin duk wanda ya buɗe ta gan shi daga tagar ɗakinta. Kwaɗon rumfar ma ta daina sawa.

Batirin da ba a tafiya da shi yana buƙatar mai duba shi, shi ya sa yanzu kowace Juma'a da yamma Bas yake tafiya gidan, wanda ya gan shi a bakin babban titi ya taimaka ya tsallakar da shi. Zai tayar da injin ya bar shi ya yi ɗumi, ya kashe, sannan ya zagaya ya kama mariƙin ƙofar direba ya buɗe. Ya ɗaga fuska sama inda fitilar take, ya tambaya ko ta kama. Ita kuma daga bakin rumfa ta ce masa ta kama.